Tsakuwar da Ta Ƙi Shiga Layi

Zuwa ga Amaryata, Malamar Lissafi,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da mahaifiyarki da kakarki Iya. Ni ina nan da sauran ƙarfina. Gwiwa ce kawai take min rashin kunya, sai idon hagu da ya fara ja da baya. Tela ne ke rubuta min wannan, kamar kullum. Na ce masa abin da na faɗa shi zai sa, kada ya yi min ado, ba riga ba ce. Kawunki ya ce in kira ki a waya. Na ce maganar waya iska ce, abin da zan tambaya kuwa yana da nauyi.

Kin dai ji an rushe layinmu za a fitar da titi. Na koma gidan kawunki, an ba ni ɗaki a baya, da ɗan fili a gabansa wanda ba a yi wa daɓe ba.

Kin tuna duron nan na bayan ƙofata, wanda na mare ki a kansa kina 'yar shekara biyar don kin zura hannu ciki? Yau zan gaya miki abin da ke ciki. Ƙanena Auta, kakanki, ya fita daga gidan da safiyar wata Asabar bai dawo ba. Washegari Lahadi na tsinci tsakuwa ɗaya na jefa a gwangwani. Kowace safiya ɗaya. Gwangwani ya cika na koma bokiti, bokiti ya cika na koma duro. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni da rarrafe na je. Ranar da matata ta rasu sai da na jefa kafin in fita wurin mutane. Ta ƙarshe na jefa ta ran Larabar da muka kwashe kaya, na rufe. Ƙofar da Auta ya sani babu ita yanzu, ba a kuwa jiran mutum a ƙofar da bai sani ba.

Matar kawunki ta so a zubar da su a hanya. Na ce sai dai a zubar da ni. Shekara hamsin ina birkila, na yi wa mutanen duniya daɓe, yanzu zan yi wa kaina. Zan jera su cikin siminti a filin gaban ɗakina, layi-layi daidai, ba ragowa ba giɓi, yadda na saba aikina.

Na ƙirga su yadda nake ƙirga bulo, goma-goma, ɗari-ɗari, har sau uku, Tela yana shaida. Dubu goma sha bakwai da ɗari da hamsin da tara. Tela ya ce a boko 17,159 ne.

Ga inda matsalar take. Na ja zare na jera ɗari da goma a layi. Komai ya tafi daidai har layin ƙarshe, sai ya rage gurbin guda ɗaya a kusurwa. Na kwashe na yi ɗari da ashirin. Gurbin guda ɗaya. Ɗari da talatin, kwana huɗu ina durƙushe, gurbin guda ɗaya, a kusurwar dai. Tela ya gwada a takarda da biyu, da uku, da huɗu, da biyar, da shida, da takwas, da goma. Kullum saura ɗaya ya cika. Bakwai ce kaɗai ta yi nata daban, ta bar biyu a hannu.

Amarya, ba ni da tsoro, kin sani. Amma gurbin nan kallona yake yi. Kamar an shimfiɗa tabarma kowa ya zauna, an bar wurin mutum ɗaya. Da rana tsaka, in gida ya yi tsit, tsibin yakan zame da kansa, ƙas-ƙas, sau biyu. Haka Auta yake buga cokalin gini a bakin kwano in yana son a miƙo masa kwaɓi.

An ce lissafi kike koyarwa har manya suna zama a gabanki. To ki faɗa min, wace irin lamba ce wannan da ta ƙi rabuwa? Ta mutane ce?

Angonki da bai tsufa ba,
Birkila.

*

Zuwa ga Kaka,

Na gaishe ka da kyau, Ango mai gwiwar aro. Ya sabon wuri? Umma tana gaishe ka. Marin nan kuwa ban manta ba, ina nan ina binka.

Wasiƙarka ta same ni a ofishin malamai, na bar shayina ya huce a kanta. Ka kwantar da hankalinka, lambarka ta mutane ce. Lambobi gida-gida ne. Akwai cika akwai mara, taka mara ce, wannan ka sani. Bayan haka akwai masu kwanciya layi-layi daidai, kamar goma sha biyu, da za ka yi uku sau huɗu ko biyu sau shida. Akwai kuma masu taurin kai, irin bakwai da goma sha ɗaya da goma sha uku, waɗanda ba abin da ke raba su. Ko dai ka bar su layi ɗaya dogo, ko ka haƙura. Suna ƙara wuyar samu in ƙirge ya yi nisa, amma ba sa ƙarewa. Na gwada taka da duk abin da ya kamata a gwada, ba wanda ya raba ta. Ko shekara za ka yi a durƙushe ba za ta kwanta ba. Na ce wa Umma lamba ta yi kama da mai ita.

Gurbin da ke kallonka kuma ba aljani ba ne, maƙwabciya ce. Lambar da ke bin taka, 17,160, mai dangi ce sosai. Biyu na raba ta, uku, biyar, takwas, goma sha ɗaya, goma sha uku, duk suna raba ta. Fasali talatin da biyu take kwanciya. Ita ce kake ta kusan cimma, shi ya sa kullum saura ɗaya. Da wani ne ba kai ba, da na ce ya tsinci guda a hanya ya cike, ɗari da talatin sau ɗari da talatin da biyu, ya huta.

Amma bakwai ɗin nan da ta yi nata daban ita ta tsaya min a rai. Tsakuwarka kwanaki ne, kwanaki kuwa bakwai-bakwai suke zagayowa. Ka fara ran Lahadi, don haka kowace ta bakwai Asabar ce. In an ware su bakwai-bakwai aka samu ragowar ɗaya, an tsaya ran Lahadi ke nan. Biyu Litinin, uku Talata, huɗu Laraba. Kai ka ce Laraba ka rufe, ya kamata huɗu su rage. Biyu suka rage. Bakinka ya ce Laraba, duronka ya ce Litinin.

Ba ɗaya ce ta ɓace ba, Kaka. Biyu ne. Ka duba gindin duron, ko buhun da aka kwaso su.

Amaryarka,
Malama.

(A bayan takardar)

Ban so in haɗa wannan da wasa ba. Iya ba ta da lafiya, kwana goma sha biyu ke nan tana asibiti. Ƙirji ne. Hankalinta yana zuwa yana tafiya, kuma ta koma kan tsohuwar maganar nan da Umma ta ce an hana ta yi tun da daɗewa. Wai ta ga Auta a tagar wani bene da ake ginawa a bayan gidanku, yana kallonta tana yi wa Umma kitso. Ta ce kowa ya ce mata ido ne ke mata gizo, har aka kai ta wurin masu magani. Jiya ta kama hannuna ta ce, "Ke mai ilimi, mahaukaciya ce ni?" Kai kaɗai ka rage cikin waɗanda suka san zamanin. Ka rubuto mata ko kalma biyu ne.

*

Malama,

Bayan gaisuwa. Ina lafiya, tunda kin ga dama kin tambaya.

Tela ya karanta min takardarki, na sa ya maimaita wurin nan sau biyu. Wato biyu sun ɓace. Wato na tsufa, hannuna yana zubar da abu ban sani ba, ko kuwa ban iya ƙirge ba. Tun ba a haifi uwarki ba nake duban bango in faɗi yawan bulon da ya ci, a ƙirga a samu haka. Ban shiga aji ba, amma ajin da kike tsayawa a ciki irina ne ya gina shi.

Na duba gindin duro, na zazzage buhu, na kwance ɗinkinsa. Babu komai. Ba za a samu komai ba, don ba abin da ya ɓace. Abin da na jefa shi ne a ciki.

Batun in tsinci guda in cike kuma, ko da wasa kada ki sake. Kowace ɗaya a tsibin nan safiya ce da na tashi na duba ƙofa. Na san wasu da ido. Akwai ja mai tsaguwa ta ranar da aka yaye uwarki. Ban taɓa yi wa tsakuwa ƙarya ba, ba kuma zan fara da furfura ba.

Na gode da sunan da kika ba ta, mai taurin kai. Ya ishe ni. Ki riƙe bakwai-bakwai ɗinki, ki koya wa 'ya'yan mutane.

Ki gaida Iya. Na san tana nan garau tana damun ku da faɗa.

Birkila.

*

Kaka,

Ina gaisuwa. Mu dai sai godiya.

Na karanta layinka na ƙarshe a tsaye a barandar asibiti, sai da na nemi wuri na zauna. Da farko na ɗauka gatse ne. Na yi kwana biyu ina fushi da kai kafin Umma ta ce, wataƙila Tela bai juya takardar ba. Ka sa ya juya. In ta ɓata, ga abin da ke ciki: Iya tana kwance, likita ya daina yi mana alkawari, kuma maganarta ɗaya ce, tagar bene.

Ban ce ka tsufa ba, ban ce ba ka iya ƙirge ba. Da ban yarda da ƙirgenka ba da ban ɓata lokacina ba. Na ɗauko takardar haihuwar Umma, tunda an ce kwananta tara a duniya Auta ya tafi. Na bi kalanda shekara-shekara har zuwa Larabar da kuka tashi. Kwana 17,161 ne cif. Shekara arba'in da bakwai ba 'yan kwanaki. Naka ya gaza da biyu, ba ƙari ba ragi.

Ka san wace lamba ce 17,161? Ɗari da talatin da ɗaya sau ɗari da talatin da ɗaya. Murabba'i ce, tsawo da faɗi ɗaya, irin daɓen da kowane birkila yake mafarki. Fasalinta ke nan guda, in ba layi ɗaya dogo ba. Ba guda ɗaya filinka yake jira ba.

Ka ce abin da ka jefa shi ne a ciki. Na yarda. Ka ce ba ka yi wa tsakuwa ƙarya. Na yarda da wannan ma, shi ne ma ya hana ni sukuni. Mutumin da ya je da rarrafe cikin zazzaɓi bai yi mantuwa ba. In akwai safiya biyu da ba ka jefa ba, to a safiyoyin nan ba jira kake yi ba.

Na tambayi Iya sau nawa ta ga mutumin a taga. Ban gaya mata dalili ba. Ta ɗaga yatsu biyu, ta ce rana biyu a jere.

Ba ni da abin da zan ƙara.

Jikarka.

*

Kaka,

Sati biyar ba amsa. Kawu ya ce lafiyarka lau, kana zaune a gaban tsibi tun safe har rana ta faɗi, ba ka jerawa ba ka kwashewa. An sallamo Iya, ba don ta warke ba. Ruwa kawai take sha. Ba ta ƙara tambayata ko mahaukaciya ce ita ba. Jiya ta ce wa Umma ta yafe mata wahalar da haukarta ta ba ta tana yarinya.

In ba ka da abin faɗa, ka ce babu, in daina duba akwatin wasiƙu.

Jikarka.

*

Zuwa ga jikata,

Ina gaishe ki, ina gaida uwarki. Iya kuwa ban san da wane baki zan gaishe ta ba. Lafiyata ba abin tambaya ba ce yau.

Gaskiya ne Tela bai juya takardar ba, ya rantse, na kuma yarda. Amma kada ki ɗora masa. Tun da ya karanta "biyu ne" na san waɗanne biyu. Fushin da na yi miki bango ne na tayar da sauri don in ɓuya a bayansa, bangon sauri kuwa kin ga yadda yake ƙarewa. Sau uku ina zuwa shagon Tela in zauna in yi masa hirar tsadar zare in tashi. Yau ya kulle ƙofa ya ajiye almakashi ya ce ba inda za ni.

Ga yadda aka yi. Ni da Auta muna aikin wani gida, ni ne babba a wurin. An zuba rufin kankare, ya kamata sandunan da suka tokare shi su yi sati uku. Mai gida yana gaggawa, ni kuma ina son a ce aikina ba ya jinkiri. Kwana goma sha biyu na ce a cire. Auta ya ce, "Yaya, bai nuna ba." Na ce wa ya koya masa riƙon cokali? Ya cire. Rufin ya sauko a kan wani lebura mai 'ya'ya uku. Mutane sun ga hannun da ya cire sanda, ba su ji bakin da ya ba da umarni ba. Aka ce Auta ne ya yi gaban kansa. Na bar su a kan haka. Ya gudu ran Asabar, ya bar Iya da jaririya.

A shekara ta biyar da tafiyarsa ina aikin benen nan na bayan gidanmu, ni kaɗai a hawa na biyu ina daɓe. Da hantsi na ji ƙas-ƙas a bakin kwano. Na juya, ga shi tsugune, ya rame, gemu ya cika masa fuska. Bai yi min maganar rufi ba, ko kalma ɗaya. Ya ce ya gaji, yana so ya dawo gida, ko ɗaure shi za a yi a ɗaure shi. Ya ce in je in fara gaya wa matarsa, kada ta firgita.

Na sauka, na zagaya layi, na tsaya a bakin famfo har na ga lokaci ya yi kamar na je. In ya dawo za a tayar da shari'a, in an tayar za a tambaye shi wa ya ce a cire. Auta bai iya ƙarya ba. Na hau na ce masa ta ce kada ya ƙara nuna mata fuskarsa.

Bai yi musu ba. Ya tashi ya je bakin tagar da ba a sa wa ƙyaure ba. Daga nan ana ganin tsakar gidanmu kamar tafin hannu. Iya tana zaune a kan turmi, uwarki a tsakanin ƙafafunta, tana mata kitso. Ya tsaya har aka gama. Ya kwana cikin buhunan siminti. Da safe na kawo masa abinci, ban jefa tsakuwa ba, don na san inda yake. Ya roƙe ni in sake gwadawa. Na sake zagaya layi. Ranar ma ya tsaya a taga, ta fito tana warware gefen da bai yi mata kyau ba tana sakewa. Ta ɗaga kai. Na ga ta ɗaga kai. Ya sake kwana, safiya ta biyu ke nan ban jefa ba. Kafin leburori su iso ya ɗauki jakarsa. A bakin matakala ya ce min, "To ko ba ta so, ka ce mata na zo."

Da yamma Iya ta tare ni a zaure, ta ce ta ga Auta a bene jiya da shekaranjiya. Na ce ni ne a benen nan tun safe har yamma, ba kowa sai ni. Da ta nace, ni na fara cewa a nema mata magani.

Washegari na tsinci tsakuwa na jefa, na ci gaba. Mutane suna cewa ba su taɓa ganin mai son ɗan'uwa irina ba. Na yi ta faɗin ban tsallake rana ba har na manta cewa na tsallake. Wallahi na manta, ko kuwa na yi daɓe a kai. Na yi wa ƙanena ƙarya, na yi wa matarsa, na yi wa unguwa. Duron ne kaɗai na kasa.

Tela ya ajiye alƙalami a nan ya fita waje. Ya dawo, bai dube ni ba, ya ce in ƙarasa.

Ban san inda Auta ya nufa ba, ban sake jin ɗuriyarsa ba. Ki karanta wa Iya wannan duka, kada ki tsallake inda ya yi muni. In hankalinta ba zai ɗauki dogon zance ba, ki faɗa mata uku kawai. Idonta lafiya lau yake. Shi ne a taga. Ya ce a ce mata ya zo.

In takardar nan ta iske ba ta nan, kada ki ɓoye min.

Birkila.

*

Kaka,

Muna nan. Ta iske ta.

Na karanta mata da hantsi, lokacin da hankalinta ya fi zama. Umma tana bakin gado. Da na zo wurin kitso Umma ta kai hannu ta taɓa kanta, ta tashi ta fita, har yanzu ba ta ce komai a kanka ba, ni ma ban tambaye ta ba.

Iya ba ta yi kuka ba. Ta sa na maimaita maganar bakin matakala sau uku. Ta tambaya ko ka faɗi kalar rigarsa, na ce a'a. Ta ce shuɗiya ce, aljihun ya yage, in tambaye ka in ƙarya take. Sannan ta dubi silin ta yi wata 'yar dariya da ban taɓa ji a bakinta ba, ta ce, "Na gaya muku." Ta ce kitson ranar farko lafiyarsa ƙalau, ta warware shi ne don ta samu dalilin sake zama a wurin.

Ranar ta sha kunu rabin kofi. Ta sa na kira maƙwabciyarmu da mai kawo mana ruwa, mutanen da ba su san komai ba, ta gaya musu mijinta ya zo.

Na yi mata bayanin tsibinka da gurbi biyun. Ta aike ni bakin hanya in tsinto mata tsakuwa biyu, ta mayar da ni sau biyu don ba su yi mata ba. Ta riƙe su a hannu kwana biyu, ko wanka ba ta sake su ba. Ga su cikin ƙullin tsumman nan. Ta ce kwanakin nan nata ne, ba naka ba ne, aro ta ba ka don aikinka ya tashi. Ka sa su a kusurwa, kada ka taka.

Na tambaye ta ko akwai wani saƙon. Na san ka san wanda nake nufi, na yafiya. Ta lumshe ido, har na ɗauka barci ya ɗauke ta. Sai ta ce, "Ki ce wa Yaya ya jira. Ai ya iya jira."

Ni ban san me nake ji game da kai ba tukuna. Ɗari da talatin da ɗaya a kowane gefe. Ka ja zaren da kyau.

Jikarka,
Malama.

*

Zuwa ga Malama,

Na gaishe ki. Ban ce Amarya ba, sai ranar da kika mayar min da sunan da kanki. Ki gaida uwarki ko ba za ta amsa ba. Ki gaida Iya, ki ce mata shuɗiya ce, aljihun hagu.

An gama. Kwana goma sha ɗaya, kaɗan-kaɗan nake kwaɓawa don kada siminti ya riga ni. Kawunki ya so ya taimaka na kore shi. Da na zo layin ƙarshe, ga gurbi biyu a kusurwa kamar yadda kika ce, ba ɗaya ba, ba uku ba. Na kwance tsumman. Nata farare ne, sun fi nawa girma kaɗan, sai da na matsa musu wuri. Duk wanda ya shigo su yake fara gani. Matar kawunki ta ce sun ɓata aikin. Na ce eh.

Na auna da zare daga kusurwa zuwa kusurwa, duka biyun ɗaya suke. Ban taɓa yin daɓe mai kyansa ba, ba na kuma son kallonsa. Kusurwar tana daidai bakin ƙofata, sai na ɗaga ƙafa nake fita, gwiwar tana zagina.

Tsibi ya ƙare, ba abin da zai zame yanzu. Duk da haka jiya da rana tsaka na ji ƙas-ƙas. Ban juya ba. Na ce masa na faɗa mata.

Yau da safe na tashi hannuna yana neman abu. Na fita bakin titi na tsinto guda, na samu gwangwanin madara na jefa. Ƙarar ta yi yawa, na manta yadda gwangwani yake kuka in ba komai a ciki. Wannan na Iya ne. Ki gaya mata na fara.

Ba sai kin faɗa min wace irin lamba ce ɗaya ba. Amma duk ranar da kika rubuto, ki sa sunan ranar a sama, ni ma zan faɗi nawa ne a gwangwani, ki raba da bakwai ki gani.

Kakanki,
Birkila.